Kuɗin ƙarfe mai aibi: daga maƙera ya fito haka, ko a hannu ya lalace?

Ranar kasuwa a Tunfafi, a Buza ko a Tamaske, ba a rasa gardama a kan kuɗin ƙarfe. Yarinya mai tallan ƙosai ta miƙa canji. Mai saye ya juya kuɗin ya ce: "Ke yarinya, wannan dala ashirin ta shafe. Sake mini wata." Ita kuma ta ce: "Baba, haka aka ba ni ita." In ta koma gida da ita, uwarta ce ke da hasara.

A wani gefen kuma, wani magidanci na ɓoye da dala goma mai lanƙwasa cikin aljihu. An gaya masa wai kuskuren maƙera ne, wai Turawa na sayen irinta da tsada. Har ya fara tunanin biyan kuɗin mota zuwa birni don neman mai saye.

Su biyun na iya yin hasara saboda rashin sani. Tambaya ɗaya ce ke raba wannan gardama: yaushe aibin ya samu kuɗin? Tun yana gidan da ake buga shi, ko bayan ya shiga hannun jama'a? Wanda ya san yadda ake buga kuɗi zai iya gane amsar da idonsa.

Wa ke da kuɗin?

An kafa kuɗin CFA a watan Disamba na 1945. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, shi ke fitar da shi. Cibiyar bankin tana Dakar. Ƙasashe 8 ke amfani da wannan kuɗi: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Ke nan dala biyar da ke hannun mai saƙar tabarma a Madawa, wataƙila ta yi yawo a Kwatano ko a Bamako kafin ta iso.

Ga kuɗin ƙarfe da aka sani a kasuwa:

Dala 1, tamma 5 ke nan.
Dala 2, tamma 10.
Dala 5, tamma 25.
Dala 10, tamma 50.
Dala 20, tamma 100.
Dala 40, tamma 200.
Dala 50, tamma 250.
Dala 100, tamma 500.

Farar dala ashirin ta fara fita a 1967. Farar dala goma ta biyo baya a 1972. Dala hamsin mai launi biyu ta fito a 1992. Dala arba'in da dala ɗari na ƙarfe sun fito a 2003. Kowane kuɗi na ɗauke da shekarar da aka buga shi. Wanda ya iya karanta lamba zai ga cewa wasu sun haura shekara 40 suna aiki. Ba abin mamaki ba ne in sun tsufa.

Yadda ake buga kuɗin ƙarfe

An daɗe ana buga yawancin kuɗin ƙarfe na CFA a Faransa, a gidan buga kuɗi na gwamnatin ƙasar. Tun 1973 masana'antar tana garin Fesak, kusa da Bordo. Aikin yana da mataki huɗu.

Na 1: Ana narka ƙarfe, a daɓe shi ya zama falle mai tsawo.

Na 2: Inji na yanko ƙwayoyi masu kewaye daga fallen. A lokacin ba su da zane ko rubutu.

Na 3: Ana matse bakin kowace ƙwaya, ya ɗan taso. Wannan baki shi ke kare zane daga saurin gogewa.

Na 4: Ana sa ƙwayar tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Wani zobe na riƙe da ita. Inji ya danna da ƙarfi sau ɗaya. Zanen gaba da na baya su fito tare.

Injin na buga ɗaruruwan ƙwayoyi cikin minti guda. Ana tace su kafin a fitar, amma jefi-jefi mai aibi takan kuɓuce. Ita ce ake kira kuskuren maƙera.

Mai buga bulo ya san wannan. In akwatin da yake buga bulo da shi ya tsage, duk bulon da ya fito zai zo da layi iri ɗaya a wuri ɗaya. Amma in bulo ya faɗo daga amalanke ya ɓalle, wannan ɓallewa tasa ce shi kaɗai. Haka kuɗin ƙarfe yake.

Irin kuskuren da ke fitowa daga maƙera

1. Bugun gefe. Ƙwayar ba ta zauna daidai a tsakiyar hatimi ba. Zane ya karkata gefe guda, wani sashe ya fito ba komai. Alamarsa: gaba da baya duka sun karkata tare, kuma wurin da ba zane yana da santsi, ba karce.

2. Yankakken baki. Inji ya yanko ƙwaya daf da inda ya riga ya yanki wata. Sai ta fito da giɓi mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Alamarsa: zane na dusashewa a hankali wajen giɓin. Sau da yawa bakin da ke fuskantar giɓin, a ɗaya gefen, shi ma bai taso sosai ba.

3. Tsagewar hatimi. Hatimi ya tsufa ya tsage. Ƙarfe ya shiga tsagar. Sai siririn layi ya fito a kan kuɗin. Alamarsa: layin tudu ne, ba rami ba. In aka shafa da farce ana jin ya taso.

4. Bugu biyu. Ƙwayar ba ta fita daga inji ba, aka sake danna ta. Zane ya hau kan zane. Alamarsa: haruffan duka biyu na karantuwa ta hanyar da aka saba, ba a juye ba.

5. Toshewar hatimi. Maiko da datti sun cika wani harafi a jikin hatimi. Sai harafin ko lambar ya ƙi fita. Alamarsa: wurin yana da santsi, sauran rubutun kewaye da shi kuma yana nan da kaifinsa.

6. Ƙwayar da ba a buga ba. Ta wuce ba tare da hatimi ya taɓa ta ba. Ba zane ko kaɗan, amma bakinta ya taso kuma nauyinta cikakke ne.

7. Haɗa hatimin da ba su dace ba. Gaban wani kuɗi ya haɗu da bayan wani. Wannan shi ne mafi wuyar samu.

Irin lalacewar da ke samun kuɗi a hannu

Wannan ita ce mafi yawa nesa ba kusa ba. Kusan duk kuɗi mai aibi da ake gani a kasuwannin karkara daga nan aibinsa ya fito.

Shafewa. Hannu, aljihu, yashi da gogayya da sauran kuɗi ke cin ƙarfe sannu a hankali. Wurare masu tudu su ke fara gogewa, gaba da baya duka. Tsaga-tsagan da ke bakin dala goma da dala ashirin su ma sukan ɓace.

Karce. Wuƙa, ƙusa ko dutse sun ja layi. Wannan layi rami ne. Ƙarfen da aka ture yakan taru a gefensa. In karcen sabo ne, cikinsa ya fi sauran jikin kuɗin haske.

Takawa da duka. Kuɗi ya faɗi kan titin da ya ratsa Madawa, manyan motocin albasa suka bi ta kai. Ko yara sun buga shi da dutse. Sai ya baje, ya lanƙwashe, ya cika da ƙananan ramuka. In gefe ɗaya ya lotsa, ɗayan zai kumbura ko ya baje.

Wuta. Kuɗin da gobara ta ci, ko wanda ya faɗa murhu, yakan yi baƙi. Wani lokaci jikinsa ya yi ƙuraje.

Ƙasa da danshi. Kuɗin da aka binne cikin tukunya, ko wanda ya daɗe cikin laka a fadamar Tarka ko ta Majiya, yakan ci. Ja ya koma kore ko baƙi, jikinsa ya yi kaushi. Gishiri, kanwa da zufa su ma suna sauya launin ƙarfe.

Ruwan batir. Yana cin ƙarfe ta ko'ina. Kuɗin ya zama siriri, ya rage faɗi, ya rage nauyi, zane ya yi dishi-dishi.

Huda da liƙi. Maƙeri ya huda kuɗi ko ya liƙa masa kunne don a yi abin wuya. Kuɗin CFA na Afirka ta Yamma ba ya fitowa da huda. Duk hudar da aka gani a jikinsa, hannu ne ya yi ta.

Ficewar tsakiya. Dala arba'in, dala hamsin da dala ɗari ƙarfe biyu ne aka haɗa, zobe da tsakiya. In aka buga da guduma, tsakiyar na iya fita ko ta juya. Alamar dukan takan nuna a jikin zoben.

Akwai kuma aibin da mazambata ke yi da gangan. Sukan ɗora kuɗi kan kuɗi su danna da ƙarfi, don a ce bugu biyu ne. Gane wannan ba wuya. Haruffan da suka hau za su fito a juye, kamar a madubi. Za su kuma nutse cikin ƙarfe, bayan kuɗin kuma ya baje.

Gwaji biyar da kowa zai iya yi

A nemi wuri mai haske. A samo wani kuɗi irinsa mai lafiya, in da hali mai shekara ɗaya da shi. Sai a bi waɗannan.

Gwaji na 1: Tudu ne ko rami? A shafa da farce. Layin da ya taso daga hatimi yake. Layin da ya nutse, galibi karce ne.

Gwaji na 2: A juya baya. In wurin da ke daidai da aibin ya kumbura ko ya baje, duka ne.

Gwaji na 3: A dubi baki. A ɗora shi kan mai lafiya. In akwai alamar zarto, guduma ko awartaki, hannu ne ya yi aikin.

Gwaji na 4: A auna. Maƙerin fari yana da ƙaramin sikeli. A cikin waɗanda aka buga kafin 2012, dala 1 giram 3 ce, dala 2 giram 4, dala 5 giram 8, dala 10 giram 5, dala 20 giram 7. Ke nan dala biyar ɗaya na daidai da nauyin ƙwaya biyu na dala biyu. Kuɗin da aka yi wa bugun gefe ko bugu biyu nauyinsa cikakke ne. Wanda ruwan batir ya ci, ko aka goge da zarto, ya ragu.

Gwaji na 5: A tambayi kai, a wane mataki cikin huɗun nan ne wannan aibi zai iya faruwa? In ba a samu matakin ba, to ba daga maƙera ya fito ba.

Abubuwan da ba kuskure ba ne

Wasu abubuwa na ba mutane mamaki, alhali da gangan aka yi su haka.

In aka riƙe tsohuwar dala ashirin a miƙe aka juya ta kamar shafin littafi, zanen baya zai fito kai ƙasa. Haka ake buga ta. Sai in ta saɓa da sauran irinta ne za a ce hatimi ya juya.

Akwai ƴan ƙananan alamu biyu a jikin kuɗin, sai an ƙura ido. Ɗaya ƙaho ne, alamar gidan buga kuɗi na Faransa. Ɗayar alamar babban mai zane ce, kuma tana sauyawa in an sauya shi. Kafin 1974 mujiya ce. Daga 1974 zuwa 1994 wani kifin teku ne. Bayansa aka sa ƙudan zuma. Bambancin alama ba aibi ba ne.

Zanen da ke kama da kifi mai dogon baki, shi ne tambarin BCEAO. An ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan, na ƙasashen Gana da Kodebuwa.

Dala biyu iri biyu ce. Akwai mai kan barewa, akwai mai hoton masu ɗiban ruwa, wadda ta fito a 1981. Dala biyar ma akwai mai kan barewa, akwai ta 1980 mai hoton ma'aikaciyar bincike. Duka na gwamnati ne.

Maganaɗisu ba ya kama tsohuwar dala goma, amma yana kama wadda aka buga daga 2012. Ƙarfen ne aka sauya. Duka biyun kuɗi ne.

Tsohuwar azurfar nan ta Mariya Tareza, da mata ke ratayawa a wuya, tana ɗauke da shekarar 1780. Wannan bai nuna shekarunta ba. An ci gaba da buga ta da wannan lamba fiye da shekara ɗari bayan haka.

Labarin kwabo mai huda

Dattawan Bangi da Sabon Gida, da ke kusa da iyakar Nijeriya, sun san kwabo mai huda na zamanin Ingilishi. Wannan huda daga maƙera take, don a riƙa zura kuɗin a igiya. Tana nan a tsakiya daidai, zane na kewaye da ita. Hudar ƙusa kuwa takan ci rubutu, bakinta kuma ya yi kaushi.

A kan wannan kwabo aka yi wani kuskure na gaske. Sarki Joji na 6 na Ingila ya mutu a 1952, ɗiyarsa Elizabet ta gaje shi. Kwabon 1956 ya kamata ya fito da sunanta. Amma a garin Bamingam, inda ake buga shi, an haɗa tsohon hatimi mai sunan Joji da sabon hatimi mai lambar 1956. Sai wasu kwabbai suka fito da sunan sarkin da ya yi shekara 4 da mutuwa.

Ba dutse ko wuta da za ta iya yin wannan. Kuma ba kwabo ɗaya ba ne. Duk waɗanda hatimin ya buga sun fito iri ɗaya, shi ya sa masana suka tabbatar da shi. Abin lura shi ne, mai karatu kaɗai ke iya gane irin wannan kuskure, domin a suna da lamba yake.

To, me za a yi da kuɗi mai aibi?

Kuɗin da ya shafe ko ya sauya launi, muddin ana gane shi, kuɗi ne. BCEAO ta sha sanar da jama'a cewa ƙin karɓar kuɗin da ke aiki laifi ne a doka. Ta kuma sha jaddada cewa dala hamsin ta ƙarfe, wadda wasu ke ƙi, tana nan da darajarta. A 2004 an janye tsofaffin takardun kuɗi, amma wannan janyewa ba ta shafi kuɗin ƙarfe ba.

Wanda ya tsufa ƙwarai ana musanya shi a ofishin BCEAO. Akwai a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram. Mutum ɗaya ba zai biya kuɗin mota don dala ashirin ba. Amma ƙungiyar mata, ko ta manoman albasa, na iya tara nasu, a rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, a ba wakili in zai yi tafiya. Kuɗin da aka huda ko aka liƙa da gangan, banki na iya ƙin sa. Don haka kada a kai kuɗin da ke aiki wurin maƙeri.

Wanda ya samu kuskuren maƙera na gaske kuwa, kada ya goge shi da toka, tsamiya ko yashi. Gogewa na ɓata shi. Ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya ajiye wuri busasshe. Gaskiya ne akwai masu tara irin waɗannan kuɗi a Turai da Amurka. A Amurka, wani ƙaramin kwabo na 1955 da rubutunsa ya fito bibbiyu ya yi suna, ana sayensa da tsada. Daga irin wannan labari jita-jita ke tasowa. Amma ƙananan kurakurai, kamar siririn layi ko harafin da bai fita ba, galibi ba su ƙara wa kuɗi komai. A kasuwar Keita, dala goma dala goma ce.

A yi hattara da baƙon da zai ce: "Alhaji, wannan kuɗin naka miliyoyi ne, kawo jikka goma a yi takardu." Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba shi ake biya ba. Haka kuma kada a sayi lanƙwasasshen kuɗi da fatan riba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuɗin jabu kuma dabam yake. Ba kuskure ba ne, ba tsufa ba ne. Wasu ne suka ƙera shi a ɓoye. Sau da yawa nauyinsa, ƙararsa da kaifin rubutunsa ba su kai na gaske ba. Wanda ya yi zargin an ba shi jabu kada ya tura wa wani. Ya kai wa jandarma ko banki.

Aiki don masu koyon karatu

1. Kowa ya kawo kuɗin ƙarfe uku. A karanta shekarar da ke jikin kowanne. Wanne ya fi tsufa? Shekararsa nawa?

2. A ware masu aibi. A yi musu gwajin nan biyar. A rubuta a allo: daga maƙera, ko daga hannu.

3. Lissafi: mai sayar da fura na komawa gida kowane mako da ƙwaya 2 na dala ashirin da aka ƙi karɓa, tana zuba su a ƙwarya. Tamma 200 ke nan. A mako 52 sun zama tamma 10.400, wato jikka 10 da dala 80. Tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a kasuwar garin?

4. A tattauna: in kowa ya ƙi karɓar shafaffen kuɗi, wa ya fi cutuwa, babban ɗan kasuwa ko mai ƙaramin talla?

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin a mayar wa yarinya canjinta, a juya kuɗin a duba da kyau.